Kurciyar da Ta Tare a Reshen Rigima

Ranar da Goggo ta ci shari'ar reshen mangwaro, da rawa ta shigo gida. Matar da ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango ta ambaci sunan Allah saboda ciwon gwiwa, sai ga ta tana juyi a tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ta baro shi a bakin ƙofa.

Duk layin Goggo ake ce mata, har 'ya'yan cikinta. Auta, ƙaramar 'yarta da ta zo kwana biyu daga gidan mijinta, ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu.

"Goggo, lafiya?"

"Lafiya har ta yi yawa! Ranar Asabar za a sare shi. Ciyaman ya faɗa da bakinsa, a gaban jama'a. Ki ga fuskar mutumin nan, Auta, kamar tayar da ta sace!"

Mutumin nan shi ne Mai Faci, maƙwabcinta, wanda ke gyaran tayar mota a bakin titi. Bishiyar mangwaron tasa ce, gindinta a cikin gidansa. Amma wani ƙaton reshe ya tsallako katanga ya zo ya kwanta a kan rufin ɗakin girkin Goggo kamar ubansa ne ya gina. Ganye ya toshe mata indararo. In iska ta taso, reshen ya yi ta gurzar kwano har ya huda shi, ruwan sama ya riƙa ɗiga daidai kan murhu. In kuwa bishiyar ta yi 'ya'ya, sai Mai Faci ya miƙo doguwar gora mai ƙugiya ta kan katanga ya tsinke abinsa tas. Shara tata, mangwaro nasa. Wannan in ba zalunci ba, mene ne sunansa?

Shekara da shekaru tana kai ƙara wurin kwamitin layi. Ta je da safe, ta je da yamma, ta taɓa zuwa da kwando cike da busasshen ganye ta juye wa Ciyaman a gaban tebur don ya gani da idonsa. Shi kuwa Mai Faci irin mutanen nan ne da in Goggo ta ce ana ruwa, sai ya fito da shanya. Ta ce a sare, ya ce ba za a sare ba, ba don yana son reshen ba, don dai ita ce ta faɗa.

Ciyaman, tsohon direban babbar mota ne, mai haƙuri, amma Goggo ta cinye haƙurin. Da zai yanke hukunci sai ya ɗora sharaɗi.

"Goggo, Asabar za a sare. Amma ki ji da kyau. In daga bakinki aka fasa, ko aka ɗaga, ko da na yini ɗaya ne, to maganar mangwaron nan ta mutu har abada. Kai ma Mai Faci, in kai ka hana, ba reshe kaɗai ba, duk abin da ya ɓata a rufin kai za ka gyara."

"Ni in fasa?" in ji Goggo. "Ciyaman, ka taɓa ganina na fasa abu?"

Babu wanda ya taɓa gani.

Ranar Juma'a ta bi gida-gida tana gayyatar matan layin su zo kallo. Ta aro kujerun roba. Ta kwashe igiyar shanya, ta janye randa. Sai kuma wani tunani ya zo mata: mai saran itacen Mai Faci ne zai kira shi, wa ya sani ko za su haɗa baki a sare mata ɗan ƙarshen reshe kawai a ce an gama? Ta yage jan ƙyalle daga tsohon zani, ta ce Auta ta riƙe mata tsani.

"Goggo, ki bari in hau mana."

"Ke? Ki ɗaure shi a inda kunya ta kai ki? Ni zan nuna musu wurin, daidai kan katanga, ko ɗan yatsa ba zan bar masa ba. Riƙe da kyau."

Ta hau tana nishi tana zagin gwiwarta. Ta kai rufi, ta ture ganye da hannu, ta cusa kai cikin reshen, sai suka yi ido huɗu da wata kurciya.

Tsuntsuwar tana zaune a kan 'yan tsinke-tsinken da ta jera a inda reshen ya rabu biyu, sheƙar da ko a kyauta ba za ka karɓa ba, har kana hango sama ta ƙasanta. Kurciyar ba ta tashi ba. Ta dai kumbura, ta ɗaga fiffike ɗaya kamar za ta kai mari. A ƙarƙashin fiffiken ga 'ya'ya biyu, ido a rufe, baki ya fi kai girma, jiki duk fata sai ɗan gashi rawaya tsilli-tsilli.

"Kai, amma kun yi muni," in ji Goggo a hankali.

"Me kika ce?" Auta ta tambaya daga ƙasa.

Goggo ta ɗaure jan ƙyallen dai, don abin da ya kai ta ke nan, ta sauko ta zauna a kan ɗaya daga kujerun aro. Rawar nan duk ta fita daga jikinta.

Auta ta hau ta gani, ta sauko tana riƙe baki.

"Wayyo, 'yan mitsi-mitsi! Goggo, sai ki je ki ce wa Ciyaman a ɗaga, har su yi fiffike."

"In je in ce me? In ɗauki shari'ar da na ƙarar da takalma a kanta in miƙa wa mai warin roba a faranti?"

"To a sare ɗin?"

Goggo ta harare ta. Can ta ce, "Lokacin da aka zo faɗaɗa titi a tsohuwar unguwarmu, ko cibiyarki ba ta faɗi ba. Ina kwance da ke suka ɗage rufin ɗakin. Na ce su ba ni lokaci in ɗan yi ƙarfi, wani mai hular kwano ya ce aiki ba ya jira. Har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri." Ta tsuke baki. "Ba a rushe wa mai jego ɗaki. Ko mummuna ce."

Daga inda take zaune tana hango sheƙar ta tsakanin ganye, yanzu da ta san wurin. Wata kurciyar ta zo, mai kaurin wuya, ta ɗura wa 'ya'yan abinci baki da baki, sannan ta zauna a kansu, ta farkon ta tashi ta tafi kiwo.

"Auta, wancan mijin ne fa!"

"Da alama."

"Namiji, yana renon 'ya'ya, uwar ta fita shan iska! Babanku, Allah ya jiƙansa, in aka miƙa masa jariri sai ya riƙe kamar an ba shi garwashi." Ta tuntsire da dariya har da buga cinya. Tana cikin dariyar sai ta tsaya cak, ta miƙe, idonta ya yi ƙyalli.

"Na gano. Ba ni zan hana ba. Shi zai hana."

"Wa?"

"Mai Faci mana. Mutumin da bai taɓa yarda da ni a kan komai ba. In na ce a sare har da tsuntsayen, in na nuna ina murna, ai ko mutuwa zai yi sai ya ce a'a. Kin ga tsuntsaye sun tsira, shari'ata tana nan, ga gyaran rufi kyauta!" Ta sake yin juyi ɗaya, gwiwa ta ce ƙas, ta koma kujera tana dariya.

Asabar da hantsi tsakar gidan Goggo ta cika. Mata sun jeru a kujeru, masu goyo suna jijjiga, Ciyaman yana tsaye a gindin katanga da hannu a baya. Mai Faci ya tara tsofaffin tayoyi a nasa ɓangaren ya hau, kansa da kafaɗunsa suka bayyana a saman katanga kamar an ajiye tulu. Mai saran itacen, wani dogo da ake kira Dogo don ba a wahalar da kai wajen nema masa suna ba, ya zo da igiya da zarto mai inji.

"Ina kwana, Hajiyar ƙara," in ji Mai Faci daga sama. "An tashi da nasara?"

"Lafiya lau, Alhajin ƙusa. Ka riƙe katangar da kyau, kada baƙin ciki ya kayar da kai."

Mata suka kwashe da dariya. Dogo ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaure reshen da igiya ya jefa ɗayan bakin ta kan wani reshe na sama. Ya matsa wajen jan ƙyallen, sai ya tsaya.

"Ciyaman, akwai sheƙa fa a nan. Kurciya ce, da 'ya'ya."

Goggo ta yi tsalle daga kujera kamar yau ta fara ji.

"Sheƙa? Au, har haya yake bayarwa a saman ɗakin girkina? Shi ya sa nake ganin kashi a murfin tukunya! Sare, Dogo! Sare har da su! Kurciyar Mai Faci ce, marar kunya irin mai gidanta. Yau zan ga ƙarshensu gaba ɗaya!"

Wata cikin matan ta ce, "Haba Goggo." Goggo ta yi kamar ba ta ji ba, ta saci kallon katanga tana jiran a'a.

Mai Faci ya sosa gemu. Ya dube ta, ya dubi jan ƙyallen da ke ɗaure ko taku ɗaya bai kai ba daga sheƙar, sai wani murmushi ya fara buɗe masa baki a hankali.

Abin da Goggo ba ta sani ba, mutumin nan ya daɗe da sanin sheƙar. Tun suna ƙwai ya gan su, ranar da ya miƙa gorarsa. Jiya kuma ta ramin katanga ya gan ta a zaune, kai a sama, tana yi wa tsuntsaye dariya. Shi ma lissafinsa ke nan: ita za ta hana, shari'a ta mutu, reshe ya zauna.

"Goggo ta yi gaskiya," in ji shi. "Yau dai na yarda da ke, maƙwabciya. Dogo, sare."

Goggo ta juyo ta dube shi. Shekara nawa tana jiran ranar da zai yarda da ita, sai yau munafukin ya ga dama!

"Ka ji fa abin da na ce," ta ɗaga murya. "Za su faɗo ƙasa su fashe kamar ƙwai. A gabanka. Tsuntsayenka!"

"Na ji. Ki tanadi tsintsiya."

"Ko ido ba su buɗe ba!"

"Au, kin gan su ke nan?"

"Dogo ne ya faɗa!"

"Ni ban faɗa ba," in ji Dogo daga sama. "Jama'a, ku yanke shawara, ina da wani aikin. A sare ko a bari?"

"A sare!" in ji Goggo.

"A sare!" in ji Mai Faci.

Dogo ya dubi Ciyaman. Ciyaman ya ɗaga kafaɗa. Dogo ya ja igiyar inji, injin ya yi tari ya mutu. Goggo ta saki numfashi. Dogo ya sake ja, injin ya sake mutuwa. Mai Faci ya goge goshi da hula. A ja na uku injin ya kama da wata irin ƙara, jarirai suka tsala kuka, hayaƙi ya turnuƙe ganye.

Kowa ya zaci kurciyar za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta lafe a kan 'ya'yanta, ta baje fiffike biyu ta rufe su, kanta kawai ke rawa. Goggo ta kama ƙafar tsani da hannu biyu. Ta dubi Mai Faci, shi ma ita yake kallo, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ta zare masa ido, ma'ana yi magana mana, kai ɗan banza. Ya zare mata nasa. Haƙoran zarto suka taɓa ɓawon reshe, garin itace ya zubo mata a kan ɗankwali, sheƙar ta girgiza, tsinke ɗaya ya faɗo.

"TSAYA!"

Murya biyu ce, daga ɓangare biyu na katanga. Mai Faci ya daka tsalle da ihun, tayoyin suka zame, ya ɓace daga saman katanga, aka ji dim, aka ji taya tana gangarawa har ta bugi ƙofa. Goggo kuwa ta girgiza tsanin har Dogo ya rungume reshe yana salati. Injin ya mutu.

Sai kan Mai Faci ya sake ɓullowa, hula a karkace.

"Ciyaman, ka ji ta! Ita ta hana! Shari'a ta mutu!"

"Ƙarya kake yi! Kai ka fara! Ni amsawa na yi!"

"Amsawa? Ihunki ne ya kayar da ni!"

"Tausayi ne ya kayar da kai, mai zuciyar auduga! Jama'a, kun ga hawaye a idonsa ko ba ku gani ba?"

"Garin katako ne! Ke kuwa har rungume tsani kika yi kamar ɗanki ne a sama!"

"Ni? Ni da na ce a fasa su kamar ƙwai?"

A nan matan suka kasa riƙewa. Wata ta zame daga kujera, wata ta cusa mayafi a baki. Auta ta durƙushe a bakin ɗakin girki tana share hawaye. Tunda aka kafa layin ba a taɓa ganin mutum biyu suna zargin juna da tausayi, kowa yana rantsuwa shi mugu ne, sai ranar.

Ciyaman ya nemi shaidu. Matan da ke kusa da katanga suka ce muryar namiji suka fara ji. Na kusa da tsani suka ce ta Goggo ce, don ta toshe musu kunne. Aka tambayi Dogo, ya ce shi inji ne a hannunsa, kuma don Allah a riƙe masa tsani ya sauka. Aka tambayi Auta, ta buɗe baki, Goggo ta kalle ta, ta ce ita hayaƙi ya shiga mata kunne.

Ciyaman ya cire hula ya yi fifita da ita.

"To. Tunda ba a san wanda ya fara ba, ku biyun kun hana, ku biyun ba ku hana ba. Reshe zai tsaya har 'ya'yan nan su tashi da fiffikensu. Ranar da sheƙa ta zama wayam, a sare."

"A ranar fa," in ji Goggo. "Kurciya ba ta san hutu ba, kana juya baya ta sake saka wasu ƙwan. Kuma kafin a kunna injin nan, a duba kowane lungu na reshen. Ni zan duba."

"Ni zan duba, bishiyata ce."

"Ku duba tare," in ji Ciyaman. "Rufi kuma, Mai Faci, tunda faci ne sana'arka, ka toshe mata ramin yau, ka sa tsohuwar taya a ƙarƙashin reshen ya daina gurzar kwano. Goggo, ke kuma ki ba Dogo shayi, kin kusa kashe shi."

Haka aka yi. Kwanakin da suka biyo baya, kullum da safe Goggo tana kujera a nata ɓangaren, Mai Faci yana kan tayoyinsa a nasa, kowa kai a sama. 'Ya'yan suka buɗe ido, suka yi gashi, suka fara takawa a kan reshe suna bubbuga fiffike.

"Wancan mai ƙiriniyar ni ya biyo," in ji Mai Faci.

"Wanda ya faɗo jiya ya maƙale a indararo? Ƙwarai, kai ya biyo."

Wata safiya 'ya'yan suka tashi, ɗaya ya sauka a kan wayar lantarki, ɗayan ya wuce bayan gidaje. Aka jira har washegari, ba su dawo sheƙa ba. Goggo ta hau tsani ta nan, Mai Faci ya hau ta can, suka haɗu a sama suna ture ganye, ba ƙwai, ba tsuntsu, sai tsinke. Aka kira Dogo. Ya yanka daidai kan katanga, aka sauke reshen da igiya a hankali, rana ta faɗo a kan rufin ɗakin girki karon farko cikin shekaru. Goggo ta tafa hannu ta zagaya reshen sau biyu, ta zauna a kansa ta ce a kira mata Ciyaman ya gani.

Shari'ar reshe ke nan ta ƙare, kuma Goggo ce ta ci. Amma har yau akwai masu yawo a layin nan suna cewa ita ta fara ihun. Ƙarya ne. Duk mai kunnen ƙwarai ya ji muryar namiji ce ta riga, kuma mutum ba ya faɗowa daga kan taya sai in shi ya fara tsalle. Goggo ta riga ta kai wannan maganar gaban kwamiti, tana so a tara mutanen da suka halarta, Mai Faci ya tsaya a gabansu ya amsa da bakinsa cewa shi ne mai tausayin.

Ciyaman ya ce ta dawo wata mai zuwa. Ta ce masa gobe da safe tana nan tafe, ya sa a ajiye mata kujera mai hannu.